Tsakuwa Goma a Bakin Ƙorama

A damina biyu ƙorama ta cinye rabin garkar Balki. Duk ruwan da ya gangaro daga duwatsun Tama sai ya yagi ƙasa ya wuce da ita, har ya rage mata fangali uku na albasa a bakin rami. Da su take ciyar da gida.

Ran wata Talata baƙi suka zo da fararen motoci biyu, daga wani furoje, aikin taimako da ƙasashe bakwai suka haɗa hannu a kansa. Shugabarsu, wata Madam mai faffaɗar hula, ta ce an daina yanke wa talaka shawara daga nesa, yanzu shi zai zaɓa. Aka shimfiɗa hotuna huɗu a inuwar gawo: masai, fitila mai aiki da rana, injin niƙa, da taron wayar da kai. Aka ba kowace mace tsakuwa goma, ta ɗora a kan abin da ya fi damunta.

Balki ta duba hotunan, ta kira tafinta, Yunusa ɗan ƙanwarta, wanda ya yi karatu a Yamai.

"Yunusa, ina hoton ƙorama?"

"Inna, ba a zo da shi ba. Can aka buga hotunan."

"Can ina?"

"Inda babu ƙorama."

Jawabi ya yi tsawo, rana ta yi tsaka, inuwa ta yi daɗi. Gyangyaɗi ya ɗauki Balki. Ta ga ƙasashen duniya sun zama mata, sun zauna a wata tabarma da ba ta da iyaka. Masu awarwaron zinariya suna tsakiya suna zana hotuna. Nijar tana can gefe, rabin jikinta a ƙasa, tsakuwa cike da hannu, ana ta yi mata murmushi ana cewa ta zaɓa. Ruwa kuma yana tahowa a hankali ta ƙarƙashin tabarmar, babu mai ɗaga ƙafa.

Ta farka, ta ƙulle tsakuwarta a gefen zane, ta miƙe.

Matan wannan gari sun yi ƙuruciyarsu suna ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su a gangare don tare ƙasa. A wurinsu, in an sa maka dutse a hannu, inda ruwa ke ci ake kai shi. Ɗaya bayan ɗaya suka bi Balki zuwa ƙorama. Suka zuba tsakuwarsu a bakin ramin.

Dole Madam ta biyo su, tun da sai ta ƙirga. Ta tsaya ta leƙa ramin, ta riƙe hularta.

"Ta ce a wane gurbi za ta rubuta wannan?" in ji Yunusa.

"Ka ce mata ga gurbi nan, ya fi mutum biyu zurfi."

Yunusa ya fassara abin da ya ga zai iya. Madam ta yi rubutu mai yawa.

Bayan wata takwas, gab da damina, kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo amsa: allon ƙarfe mai faɗi, da tutocin ƙasashe bakwai, da sunan furojen cikin harsuna uku. Aka kafa shi a bakin hanya, aka ɗauki hoto, aka tafi.

Washegari Balki ta kira Bawa, maƙwabcin garkarta, da gatarinsa.

"Yaya Balki, wanga hwa na gwamnatoci ne."

"To, su zo su tare ruwa. Ba don haka suka haɗu ba?"

Suka cire allon, suka gitta shi a bakin ƙoramar, mata suka danne shi da duwatsu. Ruwan farko ya zo ya buga, ya tsaya, ya ajiye laka. Tutocin bakwai suka nutse tare, babu wadda ta fi wata.

Fangali uku suka tsira. Da kaka Balki ta yi na huɗu a kan sabuwar lakar.