Yashe Kwatar Layinmu

Tun da na fara aiki a gidan rediyo, Baffa da Gwaggo suka samu abin musu. Baffa tsohon malamin makaranta ne, ƙanwarsa Gwaggo kuwa tela ce, shagonta na jikin gidanmu.

"Rediyo allura ce," in ji Baffa. "Duk abin da 'yar nan ta faɗa, jinin mutane yake shiga kai tsaye."

"Haba Yaya! Ni wuni nake da ita a kunne. Kiɗan nake ɗauka in bar musu surutun."

Ana haka kwatar layinmu ta toshe, wari ya ishi kowa. Sati guda ina shela a shirina cewa ranar Asabar da safe kowa ya fito da shebur. Layi ya ɗauki zancen kwata, a masallaci kwata, a wajen ɗibar ruwa kwata.

Ranar Asabar Baffa ya fito da kujerarsa ƙofar gida don ya ga aikin allura. Har ƙarfe tara ba wanda ya leƙo. Gwaggo na taka keke tana dariya ƙasa-ƙasa, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Sai ga Dogo mai aski ya rufe shagonsa, ya naɗe ƙafar wando ya faɗa kwata. Masu jiran aski suka ga zama ba zai yi ba, suka bi shi. Kafin hantsi ya dubi ludayi, layi ya cika da shebur da baro.

Baffa ya miƙe yana nuna Gwaggo. "Dogo, faɗa mata, a rediyo ka ji ko?"

"Wallahi Malam, tawa ta lalace tun bara. Masu zuwa aski ne suka cika min kunne da zancen."

"To su a ina suka ji?"

"Sun ji suka zauna," in ji Gwaggo, "sai da suka ga mutum."

Dogo ya miƙa wa kowannensu tsintsiya, suka ci gaba da musun suna shara.

Ranar Litinin na gayyaci Dogo shirina ya bayyana sirrinsa. Da ya ga makirufo sai ya manta da kwata, ya ƙarar da lokacin kaf wajen gaida abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya.