Ƙashin Motar Agya Sarpong

Wata huɗu gawar Agya Sarpong ta yi cikin ƙanƙara a Kumasi, dangi na shirin biki. Wasiyyarsa ɗaya ce: a kai shi kabari a tsohuwar motarsa ta katako, ƙirar hamsin da takwas.

Ɗansa Boakye bakanike ne, a ƙarƙashin motar nan ya girma. Amma a al'adar Asante ɗan ƙanwa ke gado, don haka mota ta faɗa hannun ɗan ƙanwar Agya, Amankwaa, wanda ko tayar keke bai taɓa canzawa ba. Shi ya ɗauke ta, wai zai kai gyara.

Ranar jana'iza ya kawo ta tana ƙyalli kamar amarya. Mata cikin jajayen zannuwa suka kewaye ta suna kuka suna yabo. Boakye ya tattare mayafinsa, ya kwanta a ƙasa, ya shige ƙarƙashinta.

Katakon na Agya ne, har da tabon da buhunan koko suka bari. Amma casis ɗin, ƙashin ƙarfen da katakon ke zaune a kai, baƙo ne. Mariƙin sifirin nasu dasasshe ne da ƙusa, wannan kuwa noti aka ɗaure shi da shi, irin na motocin da suka zo daga baya. Ya lalubi waldar da ya yi da hannunsa shekarar da shi da Agya suka faɗa rami a hanyar Mampong, babu ita. Ƙyama zalla ta kama shi, kamar ya ga ƙuda a miya.

Ya fito ya ja Amankwaa gefe. "Ina ƙashin motar nan?"

"Haba ɗan kawu, wane ƙashi kuma? Kifi ce?"

"Wannan na sittin da wani abu ne. Ina namu?"

Amankwaa ya gyara tabarau. "Wani mai tara tsofaffin motoci ya nace sai na sayar masa. Tsatsa ce fa kawai. Wa zai leƙa gindin mota ranar makoki in ba kai ba? Ungo makulli, kowa kai yake jira ka ja motar."

Boakye ya dubi makullin, ya dubi uwarsa Maame Serwaa, wadda ke shafa katakon tana kiran sunan mijinta. Ya mayar wa Amankwaa makulli a tafin hannu, ya je ya sa kafaɗa a ƙarƙashin akwatin gawar.

"Ku kama mu tafi da ƙafa," ya ce wa ƙannensa. "Agya bai taɓa shiga motar wani ba."