Babur Mai Doguwar Kujera

Ku yi mini afuwa tun kafin na fara. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma a ɗaki, ƙofa a rufe. Wannan ne labarina na farko. In kun ga na yi tuntuɓe ku kau da kai, kamar yadda ake yi wa wanda ya zame a bakin kwata.

Shekarar da soja suka koma bariki aka kawo wa su Baba sabon shugaba a ofishinsu da ke Tarauni. Mahaifina, Malam Sha'aibu, shekara goma sha tara yana aiki a wurin, bai taɓa jin an tambayi wani ƙarfe nawa ya zo ba. Sabon shugaban kuwa da rula da jan biro ya iso. Ya ce yanzu mulkin jama'a ake yi, dole jama'a su tarar da ma'aikaci a kujerarsa. Takwas daidai za a ja layi a littafin sa hannu, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara.

Daga unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ba wata tafiya ba ce, sai dai in a hayis za ka yi ta. Direba ba ya tashi sai mota ta cika, in ta cika kwandasta ya ce saura mutum ɗaya, in an samu mutum ɗayan a shiga gosulon Titin Zariya a zauna, kana kallon masu tallan rake suna wuce ku a ƙafa. Baba ya sha jan layi har ya karɓi takardar gargaɗi biyu. Ta uku, in ji shugaban, canjin wurin aiki ce zuwa wani ƙauye da Umma ta ce ko a sanarwar rasuwa ta rediyo ba ta taɓa jin sunansa ba.

Sai Baba ya yanke shawarar sayen babur. Ya ma ga wanda yake so a Titin Gidan Zu: ƙarami, siriri, mai kujerar mutum ɗaya, irin wanda zai ratsa tsakanin motoci kamar zare a kafar allura. Da ma ya yi shiru ya je ya sayo. Amma sai ya faɗa a majalisa.

Majalisar a ƙofar gidanmu take zama bayan la'asar, ƙarƙashin darbejiya, su bakwai har da Baba. Ni ce mai kai ruwa, kuma soronmu yana da wata kusurwa da mutum zai tsaya da buta ba a gan shi ba. Babbansu, Alhaji Maje, wanda ya yi ritaya tun ban iya tafiya ba, ya ce zamanin da mutum ɗaya yake yanke hukunci ya tafi da masu kaki. A kafa kwamiti. Aka kafa, kuma duk wanda ke kan tabarmar ya shiga.

Kwana uku suna zama. Malam Isyaku, mai shagon atamfa a Kasuwar Tarauni, ya ce ƙaramin babur ɗin nan na malaman jinya ne, bai kamaci magidanci ba. Tanko tela ya ce ramukan titinmu za su haɗiye shi har da mai shi. Alhaji Maje ya ce Besfa tana da mutunci, amma kujerarta ba ta da sakewa, shi kuwa yana duba lafiyar bayan Malam Sha'aibu ne. Dukkansu hankalinsu ya kwanta da wani jan babur mai doguwar kujera, irin wanda 'yan acaɓa ke ɗora mutum biyu da akuya.

Aka jefa ƙuri'a da ɗaga hannu. Daga soro na ƙirga hannu tara, ban da na Baba da ke kan gwiwarsa. Da Baba ya ce kamar lissafin ya fi mutanen yawa, Alhaji Maje ya ce an riga an bayyana sakamako, mai ƙorafi ya tafi kotu.

Ranar da babur ya zo, da ledarsa a kujera, aka kewaye shi ana Allah ya tsare, Allah ya sa rai aka yi wa. Tanko ya zaro tef daga wuyansa ya auna kujerar. Ya ce hannu ne kawai ya saba.

To, ga abin da Baba ya manta, ko kuma ya sani ya ƙi tunawa. A unguwarmu mai abin hawa ba ya wuce na gaba da shi a ƙasa. Sai ya tsaya, ya kashe inji, a gaisa, a tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce a zo ya rage hanya. Kuma rage hanya a wurinmu ba ta ƙarewa sai a ƙofar inda mutum za shi.

Litinin da safe ga Alhaji Maje a bakin layi da katin asibiti, wai nan kusa ne. Talata Malam Isyaku da ƙunshin atamfa. Laraba su biyun tare, kuma kujerar ta ɗauke su cif, kamar yadda tef ɗin Tanko ya nuna. Baba ya gwada fita da wuri, sai ya tuna a masallaci ɗaya suke sallar asuba. Ya gwada tura babur ta lungun baya ba tare da ya tayar ba, ya ci karo da Tanko, wanda ya ce shi ma yau haka kawai ya ji sha'awar bin lungu, kuma tun da Allah ya haɗa su, unguwar Babban Giji za shi. Mutumin da ke isa ofis takwas da kwata a hayis ya koma isa ƙarfe tara a kan babur ɗinsa.

Abin da ya cece shi, shugaban ya tafi bita wannan makon, jan biron ma ya huta. Amma ranar Juma'a tsohon masinjan ofis ya raɗa wa Baba cewa Litinin maigidan zai dawo, kuma shi da kansa zai riƙe rular.

Lahadi da yamma Umma ta ce ya buɗe baki ya ce musu a'a. Baba ya ce da wane idon zai kalli Alhaji Maje, mutumin da ya tsaya masa a ɗaurin aurensa? Gara ƙauyen. Umma tana tsince shinkafa, sai ta ɗago ta kalle ni, ina gefe da littafi.

"Kujerar da babu kowa a kai ake roƙo," in ji ta. "Muhibbat, makarantarku ba bayan ofishin babanki take ba?"

Ban taɓa hawa babur ba. Ko keke ina gani nake raɓewa jikin bango. Na so na faɗi haka, amma an riga an bayyana sakamako, kamar yadda aka yi wa Baba a zaɓe.

Bakwai da rabi muka fito, ni a baya, na tattare hijabina, jaka a cinya. Ba mu kai bakin layi ba na hango lema. Alhaji Maje ne, da katinsa. Baba ya tsaya, ya kashe inji, aka gaisa har kan kaji. Idon Alhaji yana kan kujerar. Ba zai zauna kujera ɗaya da budurwa ba, ba kuma zai ce da bakinsa a sauke ɗaliba ba. Sai ya fara ba da labarin ƙafarsa, yadda ta kwana tana zogi.

Na ji bayan Baba ya yi laushi. Ya waiwayo kaɗan.

"Muhibbat, ko za ki ɗan..."

Ban san daga ina dabarar ta zo ba, tsoro ne ina jin. Na damƙe rigarsa da hannu ɗaya, na zaro littafin lissafi da ɗayan, na buɗe shi a gadon bayansa, na sunkuyar da kai ina motsa baki kamar mai jarrabawa. Ban ji ba, ban gani ba. Kunnuwana kamar an zuba musu barkono.

Alhaji ya mayar da katinsa aljihu.

"To," in ji Alhaji Maje. "Allah ya ba da ilimi mai amfani." Yadda ya faɗi mai amfanin ya nuna bai ga amfaninsa ba tukuna.

Malam Isyaku ma da ke gaba kaɗan ya ɗaga hannu, ya gan ni, ya mayar da hannun ya gyara hula. Muka shiga gosulo. Babur ɗin bai ratsa kamar zare ba, faɗinsa ya yi yawa, sau biyu gwiwata ta gogi hayis. Na rufe ido ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Saura minti biyu muka isa. Baba ya dira ya bar mini babur yana kuka, ya ruga yana riƙe da hula. Ta taga na hango shugaban tsaye da rula, yana kallon agogo kamar mai jiran shan ruwa. Baba ya sa hannu. Jan layin ya sauka daf da ƙasan sunansa, har ya taɓa wutsiyar harafin ƙarshe.

Abokan aikinsa suka fito suna yaba babur ɗin, wani yana shafa kujerar yana cewa ai wannan za ta ɗauki mutum uku, kuma shi ma a Gyaɗi-Gyaɗi surukinsa yake. Na murɗa makulli kamar yadda na ga Baba yana yi, na zare, na miƙa wa masinja ba tare da na kalli fuskarsa ba. Kafin wani ya tambayi 'yar waye wannan, na bi ta bayan katanga da jakata.