Gidan da Ba a Ƙwanƙwasawa

Rufus ya sauka Jalingo ranar Juma'a. Washegari ya kira kawunsu Barnabas zuwa gidan marigayi mahaifinsu a Sintali, aka jera kujeru ƙarƙashin mangwaro, ya ce da Mama zai koma Fotugal. Yayarsa Alisabatu tana ɓarar gyaɗa lokacin da ya faɗa. Ba ta ɗago ba, sai dai yatsunta sun ƙara sauri.

Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan nan, ita ke riƙe da tsohuwar. Ita ke shafa mata mai a gwiwa, ita ke tunawa da maganin hawan jini, ita ke kama hannunta zuwa coci. Rufus kuwa kwangila ta buɗe masa a Abuja, daga nan ya tsallake ruwa, ya sayi gida a wani sabon bene a bakin teku tun ginin bai kai ga rufi ba. Kullum a waya maganar gidan ce. Yanzu ga shi ya zo da wayar a hannu, yana nuna wa Kawu.

"Duba nan, Kawu. Wannan falo ne. Gilashi daga ƙasa har sama. Kana zaune kana shan shayi, teku na gabanka. Wannan ɗakin Mama ne, da banɗakinta a ciki. Ba hawa matakala, akwai lif. Asibiti kuma tafiyar ƙafa ce."

"Kai!" in ji Kawu Barnabas, yana matso da wayar kusa da hancinsa. "Wannan ruwan duk naka ne?"

"Na kowa ne, Kawu. Amma na ƙasan nan, wurin iyo, namu ne mu masu gidan."

"Mama za ta yi iyo ke nan," in ji Alisabatu.

Rufus ya juyo. "Yaya, ban zo faɗa ba."

"Ai ka zo ɗauka ne. Kamar buhun doya."

"Buhun doya? Dubi yadda kika bar ta! Zafin garin nan kaɗai ya isa ya kashe ta. Wuta sai an ga dama. Bara da ta faɗi a banɗaki, kina ina?"

"Ina kasuwa ina nemo abin da za ta ci. Kai kana ina? Kana kallon teku."

Maganar faɗuwar ta soke ta, domin gaskiya ce. Akwai wata gaskiyar ma da ba wanda ya sani: sau da yawa, idan tsohuwar ta kira ta karo na barkatai a yini ɗaya, takan ce a ranta, da ma wani ya zo ya ɗauke mini wannan nauyin. To ga wanin ya zo, da biza da komai, ita kuma ta ji gara a yanke mata hannu. Ba ta san ko don Mama take yi ko don kanta ba, kuma ba ta son ta sani.

Kawu ya ɗaga hannu. A gidansu, idan 'ya'ya suka saɓa a kan iyaye, kawu ne ke tambayar mai abin da bakinsa, abin da aka amsa a gabansa kuma ba a warwarewa. Ya juya wajen ƙanwarsa Mama, wadda ke zaune kan tabarma ta miƙe ƙafafu.

"Kin ji su. Me kika ce?"

"Tsaya, Kawu," in ji Alisabatu. "Kafin ta amsa, ya gaya mata duka. Ba gilashi kaɗai ba."

Ta san uwarta. Mama ba ta karyawa sai ta leƙa gidan maƙwabta ta ji yadda aka kwana. Daga gidan mai ɗinki zuwa gidan Fulanin da ke sayar da nono, da sandarta, tana tafe tana jan ƙafa. Kafin rana ta yi tsaka wasu su ma sun shigo rama gaisuwa. Nan Alisabatu ta nufa da tambayarta ga Rufus.

"Su wane ne maƙwabtanka?"

"Manyan mutane ne. Turawa, Larabawa, daga ko'ina."

"Sunansu fa?"

"Ba a haka a can, Yaya. Kowa da harkarsa."

"Na ƙofar da ke kallon taka, ka taɓa ganinsa?"

Rufus ya yi dariya, irin ta wanda ake tambaya abin da masu tambayar ba za su gane ba. "Mai wannan yana zuwa ne lokacin zafi kawai. Yawancinsu haka ne, saya suka yi suka ajiye. Da sanyi ya shigo, benen tsit. Ai shi ne daɗinsa. Ba hayaniya, ba roƙo, ba mai zuwa aron gishiri. Tun da na shiga gidan nan, Allah shaida, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa."

Ya faɗe shi da alfahari. Alisabatu ta ture tiren gyaɗar, ta kalli uwarta. Ta samu abin da take so.

Mama ta jawo ƙafafunta a hankali. "Rufus."

"Na'am, Mama."

"Matarka fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Jennifer tana Abuja da yaran. Kin san mun ɗan samu matsala."

"Coci?"

"Akwai. Da yarensu suke yi. Nakan bi ta waya."

"Idan ka kwana da zazzaɓi, wa yake sani?"

"Akwai lambar da ake kira."

"Lamba." Ta jinjina kai. "Idan ka faɗi a banɗakin nan naka mai santsi fa? Ni da na faɗi, kafin in gama ihu mutum nawa ne a kaina? Kai wa zai ji?"

Rufus ya kife wayar a cinyarsa.

"Barnabas," in ji Mama, "zan tafi."

Alisabatu ta miƙe tsaye, ɓawon gyaɗa ya zube daga zaninta. "Mama! Ba ki ji abin da ya ce ba? Ba kowa! Ba mai gaishe ki!"

"Na ji. Shi ya sa."

"Za ki je ki zauna a akwatin gilashi ki mutu shiru!"

"Ɗana yana cikin akwatin tun tuni, ba wanda ya gaya mini."

Fuskar Rufus ta canja. Ya zo ne a matsayin mai ceto, da turare da takalmi mai ƙyalli, ga shi a gaban kawunsa an mayar da shi abin tausayi. "Mama, ba don ki kula da ni na ce ki zo ba. Ni lafiyata ƙalau. Ni zan kula da ke."

"To," in ji Mama, kamar yadda ake amsa wa yaro.

"Kin gani?" Ya juya kan yayarsa, idanunsa sun yi ja. "Kin ji daɗi? Kin tsiraita ni."

"Ni na tsiraita ka? Da bakinka ka faɗa, kana washe haƙora. Ka yi nasara, Oga. Ka sayi gida, yanzu ka samu mai gadi kyauta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa."

"Ya isa," in ji Kawu Barnabas. "Ta amsa a gabana."

Alisabatu ta san an gama. Ta durƙusa gaban tabarmar, muryarta ta sauka har ta zama ba tata ba. "Mama, ni fa? Duk shekarun nan. Ki tafi ki bar ni a gidan nan ni kaɗai?"

Mama ta dube ta, ba tare da fushi ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Ke kina da Sintali gaba ɗaya. Shi ba shi da kowa. Tashi ki sauko mini da akwatina daga kan kabad, ki ga ko asu bai ci zannuwan ba."