Firizar Baba

Yana cikin goge murfin firizar karo na uku Dakta ta shigo da baƙuwar. Ya cusa tsumman a aljihu, ya gyara farar rigarsa, ya ja gefe ya tsaya.

Duk asibitin koyarwar Baba Firiza ake ce masa. Shekara goma sha huɗu yana ɗibar jinin yara masu sikila yana adanawa cikin 'yan kwalabe, tun zamanin Farfesa, wanda ya ce wata rana za a samu kayan aiki a bincika. Farfesa ya rasu, kayan ba su zo ba, Baba bai daina ɗiba ba. In an ɗauke wuta kuma janareta ba mai, sai ya sa tiyo ya zuƙe na babur ɗinsa ya zuba, yamma ta yi ya tura babur ɗin gida a ƙafa. Daga nan sunan ya bi shi.

Yanzu kayan sun kusa zuwa. Dakta, wadda shi ya koya wa riƙe allura tana ɗaliba, ta dawo daga karatu a waje, ta yi wata takwas tana rubuta takardar neman tallafi. Wata gidauniya ta amsa: sabuwar firiza, sola, na'urori, horar da mutum shida. Saura wakiliyarsu, baƙuwar nan ta yau, ta ga wurin da idonta. Kuma abin da ya fi jan hankalinsu a takardar, in ji Dakta, shi ne jinin nan, kwalba dubu biyu da ɗari uku.

Baƙuwar ba ta jin Hausa, Dakta ce ke fassara. Baƙuwar ta fara da littafin sanyi, inda Baba yake rubuta awon firizar safe, rana da la'asar. Ta buɗe farko, ta buɗe tsakiya, ta buɗe ƙarshe, ba ta ga gurbi ko ɗaya ba. Ta ɗago ta dube shi ta faɗi wani abu.

"Ta ce ko na'ura sai haka, Baba."

"Ce mata na'ura ba ta tura babur."

Baƙuwar ta yi dariya. Sannan ta nemi rajistar masu jinin.

Dakta ta riƙa karanta mata. Ɗan mai ɗinki. Babban tagwayen direba. Yarinya mai tsoron allura. Ƙanin yarinya mai tsoron allura. Haka yake a littafin, haka yake a jikin kwalaben. Baba ya yi bayani cewa suna ɗaya sai ka samu yara goma da shi, katin asibiti kuma ɓacewa yake yi a canza lamba, amma ɗan mai ɗinki ɗaya ne. Baƙuwar ta daina murmushi. Ta tambayi ina takardun amincewar iyaye.

Baba ya ce babu takarda. Kowace uwa ya zaunar da ita a bencin nan, ya gaya mata abin da za a yi da jinin, ya gaya mata ba lallai ɗanta ya ci moriyarsa ba. Wasu sun ƙi, ya bar su. Waɗanda suka yarda sun faɗa da bakinsu a gaban nas.

"Mace ta kawo ɗanta yana kukan ciwon ƙashi, ta ce mini ta yarda, sai in ce dangwala yatsa? Caji ofis ta zo?"

Dakta ta fassara, amma ya ji ta gajarta.

Dakta da baƙuwar suka shiga ofis suka rufe ƙofa. Ya zauna a bencin iyaye, yana jin ƙugin firizar. Ya yi azahar ya dawo, ba su fito ba.

Da Dakta ta fito ita kaɗai ce. Ba ta zauna ba. Ta ce tallafin yana nan, za a ba su. Amma jinin da ba shi da takardar amincewa, kuma ba a iya tabbatar da mai shi, ba zai shiga sabuwar firiza ba, ba za a yi bincike a kansa ba, ba za a ci gaba da ajiye shi ba. Sai an ƙone, baƙuwar ta shaida kafin ta tafi. In ba haka ba, su haƙura da komai.

Ya ce ai ya san kowace kwalba. A kawo masa ko wacce, zai faɗi uwar, ya faɗi unguwar. Dakta ta ce ta faɗi haka, an ce abin da ke kan mutum ɗaya ba shaida ba ne, kuma shi saura shekara biyu ya yi ritaya.

"Gaskiya ta faɗa?"

"Gaskiya ta faɗa, Baba. Laifina ne. Na rubuta dubu biyu ban tambaye ka takarda ba."

"To ki karɓi kayanki, 'yata."

Ta ce akwai guda ɗaya. Sun duba rajistar kaf, layi ɗaya ne ke da cikakken suna, lambar kati da ranar haihuwa, kuma ba rubutunsa ba ne. Ta kasa ƙarasawa. Bai buƙaci ta ƙarasa ba. Autarsa ce. Ran da aka ɗebi jininta Baba ya kasa soka mata allura, Farfesa ya karɓi allurar ya rubuta irin nasa rubutun. Tana da shekara tara lokacin. Ta kai goma sha ɗaya ta rasu.

In mahaifi ya sa hannu yau, in ji Dakta, wannan kwalbar za ta iya zama.

Ya fita baranda ya kira maman yara. Ya yi mata bayani a taƙaice. Ta saurare shi har ya gama.

"Ba mun riga mun ce to ba?"

"An ce sai a rubuce."

"To rubuta musu. Ka ci abinci kuwa?"

Ya sa hannu a gaban baƙuwar. Da hannu biyu ta tura masa takardar, idonta a ƙasa.

Sauran shi ya kwashe su, bai yarda wani ya taya shi ba. Ya sa safar hannu, ya jera akwatunan a keken tura marasa lafiya, ya bi bayan ɗakin wanki zuwa wurin ƙona sharar asibiti. Sawu huɗu ya yi. Mai ƙona shara, abokin tsokanarsa, ya fara cewa yau Baba ya saki amaryarsa, ya dubi fuskarsa ya haɗiye sauran. Baba yana miƙa akwati yana duba murfin, leɓensa na motsi. Ɗan mai ɗinki ya yi aure bara. Babban tagwayen direba ya rasu, ƙaramin ma. Yarinya mai tsoron allura tana karatun nas.

Baƙuwar ta ƙirga akwatunan, ta sa hannu, mota ta tafi da ita.

Sabuwar firizar sai nan da wata huɗu. Ya buɗe tsohuwar. Ƙanƙara ce kawai ta ko'ina, sai kwalba ɗaya a kwandon sama, an manna mata sabuwar lamba. Ya rufe. La'asar ta yi, ya duba awo ya rubuta a littafi.

Bai mayar wa biron murfi ba aka ɗauke wuta. Ya saurara ko janareta zai tashi. Bai tashi ba. Ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya ɗauko tiyo, ya nufi inda ya ajiye babur.