Burodin Jana'izar Malama Verna

"Ɗauki furanninka, Dwayne. Ban mutu ba tukuna."

Da wannan maganar na ci karo ina shigowa da tukunyar miyar kabeji a hannu. Verna Loeppky tana kishingiɗe a gadon asibitin da aka girke mata a falo, Fasto Dwayne kuwa yana tsaye a gabanta da furanni, ya yi tsuru-tsuru. Ƙaton mutum ne, har furfura ta fara fito masa, amma a idon Verna har gobe yaron nan ne da ta taɓa kora daga ajinta don ya saki kwaɗo ana tsakiyar addu'a.

"Malama, ba korar ki aka yi ba," ya ce. "Dattawan coci sun zauna, sun ga ya kamata ki huta. Za a ci gaba da ajin a ɗakin ƙasa na coci. An sayo darussa na bidiyo, masu kyau ne ƙwarai."

"Yaran kuma me aka ce musu?"

Ya sosa ƙeya. "An ce kin ɗan tafi hutu."

"Hutu!" Ta juyo gare ni. "Doreen, kin ji? Ashe hutu na tafi. Leƙa min bayan kujerar nan, ko akwai bakin teku ban sani ba."

Ni ce Doreen, maƙwabciyarta. Shingen katako ne kawai ya raba gidajenmu. Rabona da coci tun ranar da aka binne mijina, kuma babu makon da Verna ba ta yi min gori a kai ba. Ba ta taɓa aure ba, ba ta haihu ba, amma sama da shekara talatin, duk ranar Laraba bayan an tashi makaranta, yara 'yan goma zuwa sha biyu suna cika teburin kicin ɗinta don darasin Littafi Mai Tsarki. Cewa take a waɗannan shekarun ne yaro ke yin tambaya ba kunya, da ya wuce nan sai ya koyi yin shiru irin na manya. A kakar nan likitocin birnin Winnipeg suka sallamo ta gida, suka ce ciwon daji ya riga ya ci jiki, sai dai a jira lokaci.

"Saurara, ɗana," ta ce wa Faston. "Tun kafin ka iya ɗaure takalmi nake gaya wa yara cewa kabari ba shi ne ƙarshe ba. Yau na iso bakin kabarin, sai ku ja min labule? Me za su ɗauka? Za su ce ashe mu ma ba mu yarda da abin da muke faɗa ba."

"Iyaye ne, Malama. Musamman Krista. Kin san abin da ya sami Brielle."

Kowa a garinmu ya sani. Shekara biyu da suka wuce mahaifin Brielle ya shiga rumbun alkama don ya buɗe inda ya toshe, hatsin ya rufta masa. Ranar binnewa uwarta Krista ta kai ta gidan wata inna, wai kada ta ga abin da zai dame ta. Tun daga nan yarinyar ta zama mai shiru. A ajin Verna ne kawai ake jin muryarta.

"Don na sani ne nake magana," in ji Verna. "Ajiye furannin, Doreen za ta sa su a ruwa. Ka gaida dattawa."

Yana fita ta ce in miƙo mata waya. Na ce mata ta bari, jikinta ba na faɗa ba ne yanzu. Ta harare ni.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Doreen. Miƙo."

Gida-gida ta kira, ina zaune ina jin ta. Ba ta yi kwana-kwana ba. "Verna ce. Ba hutu na tafi ba, mutuwa zan yi. Ranar Laraba akwai aji a gidana, za mu gasa burodin jana'izata. In kun yarda ku turo yaron, in ba ku yarda ba, ba komai."

Na kusa zubar da kofin da ke hannuna. A wurinmu in an tashi daga makabarta ba a watsewa sai an koma coci an ci burodin nan mai hawa biyu, ƙaramin curi a kan babba, da cuku da kofi. Matan coci ne ke gasa shi ana gobe binnewa, kuma rabin mutanen da ke kwance a makabartar garin nan Verna ce ta kwaɓa nasu. Amma ban taɓa jin wanda ya sa aka gasa nasa yana numfashi ba. Wata uwa ta fashe da kuka a waya. Krista ko sallama ba ta yi ba ta kashe.

Ranar Laraba yara biyar suka zo cikin tara. Suka tsaya carko-carko a bakin ƙofa suna kallon yadda ta rame. Ni da nas ɗin da ke zuwa duba ta muka ɗora ta a keken guragu muka turo ta bakin teburin.

"Kun gama kallo? Ni ce dai, nama ne ya ragu. Ku wanke hannu. Tyrel, da sabulu na ce."

Ni ce mai aikin ƙarfi, ita ce mai baki. Na kwaɓa, ƙullu ya tashi, ta nuna musu yadda ake matso curi tsakanin babban yatsa da manuni, a ɗora ƙarami a kan babba, a danna da yatsa har ƙasa don kada ya zame a wuta. Fulawa ta baɗe ko'ina. Can sai Tyrel, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "Malama, kina jin tsoro?"

"Ina ji mana. Da safe na fi ji."

"To ai kin ce..."

"Na ce na san inda za ni. Ban ce ina son hanyar ba. Kai da ka san allura za ta warkar da kai, ba ka yi ihu ba da aka yi maka?"

Yaran suka kwashe da dariya. A lokacin ne na hango keke a jingine da shingen. Brielle ce tsaye a ƙofar baya, tana haki, gashinta a hargitse.

"Mamarki ta san kin zo?" Verna ta tambaya.

"A'a."

"To zan gaya mata, ni ba na ɓoye-ɓoye. Doreen, kira Krista. Ke kuma wanke hannu kafin ta iso."

Tana matsa curinta Verna ta ɗauko musu labarin abokin Yesu da ya mutu, yadda Yesu ya iso bayan an riga an binne shi, ya tsaya a bakin kabarin ya zub da hawaye, sannan ya kira shi ya fito. Brielle ba ta ɗago kai ba ta ce, "In ya san zai tashe shi, me ya sa ya yi kuka?"

Verna ta juyo gare ta.

"Don mutuwa muguwa ce, 'yata. Kada kowa ya ce miki abu ne mai kyau. Ranar da aka binne babanki mutane sun ce Allah ne ya fi son sa, ko? Na ji su, na so in jefe su da faranti. Mutuwa maƙiyiya ce. An ci ta da yaƙi, amma har yanzu tana cizo. In ta cije ki, ki yi kuka a gabanta, ki kalle ta ido da ido. Shi ma haka ya yi."

Ƙarar birki muka ji a waje. Krista ta faɗo kicin ɗin da rigar aikinta ta kanti, fuskarta ja wur.

"Malama, da girmanki! Burodin jana'iza? Yara ne fa! Brielle, tashi mu tafi."

"Mama, ni ba jaririya ba ce. Ranar Baba kin kai ni gidan Inna Jolene aka kunna min katun a talabijin. Ban ma ga inda aka sa shi ba sai da ciyawa ta fito."

Na dubi Krista. Ita ma a kan wannan teburin ta girma.

"Krista," Verna ta ce a hankali, "ga sabulu can. Ƙullu ba ya jiran kowa."

Na ɗauka za ta sauko. Ba ta sauko ba. Ta kama hannun 'yarta, fulawa da komai, ta ja ta suka fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yunƙura zan bi ta in faɗa mata magana, Verna ta riƙe gefen rigata.

"Bar ta. Uwa ce, tsoro take ji. Sa burodin yarinyar a wuta tare da sauran."

Guda ɗaya Brielle ta samu ta yi, kuma ba ta danna shi sosai ba. Da ya fito, hawan saman ya zame gefe guda. Muka ƙulle su duka a leda muka jera a firiza, yaran suka yi waƙa ɗaya, suka tafi gida da fulawa a gira.

Ba ta ƙara ganin wata Larabar a zaune ba. Dattawa suka aiko Fasto ya yi mata magana a kan kiran da ta yi wa iyaye, sai ga shi ya zauna a gefen gadon yana riƙe da hannunta, bai ce uffan a kan saƙon ba. Kullum takan tambaye ni ko na ga keken Brielle, in ce ban gani ba. Wata safiya ina gyara mata matashi ta ce, "Doreen, kada ki bari matan coci su jefar da karkataccen nan." Na ce ba zan bari ba. Kafin azahar ta cika.

Na shiga coci ranar jana'izar, kuma na tabbata da tana gani sai ta yi min dariya. Daga nan aka wuce makabarta. An yi ruwa da daddare, ƙasa ta jiƙe. A garinmu ba ma barin injin haƙa ya rufe mana mutum. Ana kafa shebur a kan tulin ƙasa, dangi su fara zubawa, sannan sauran jama'a. To Verna ba ta da dangi sai wani ɗan ƙane a can gabar teku, shi ma bai samu zuwa ba. Fasto ya rufe addu'a, shebur uku suna tsaye, manya suna kallon juna.

Tyrel ne ya fara fitowa. Sauran yaran suka biyo shi da takalman coci, suna nutsewa a taɓo. Wani dattijo ya ɗaga hannu zai hana, Fasto Dwayne ya dafa kafaɗarsa, ya girgiza kai.

Sai na ga jama'a suna darewa daga baya. Krista ce, riƙe da hannun Brielle. Ta kawo ta har bakin ramin, ta tsaya, ta dubi akwatin da ke ƙasa. Sannan ta saki hannun.

Shebur ya fi ƙarfin Brielle, da hannu biyu ta ɗaga shi. Ƙasar ta faɗa kan katako da ƙara, yarinyar ta fashe da kuka, amma ba ta kau da kai ba, ta sake ɗebowa. Da ta miƙa wa na bayanta, sai ta sunkuya ta damƙi ƙasa cikin tafinta. Ta ratsa layin kaburbura zuwa inda babanta yake, ta durƙusa, ta buɗe hannun a kan ciyawar. Krista ta bi ta a baya, ta durƙusa a taɓon ita ma, da rigarta mai kyau.

A ɗakin ƙasa na coci matan sun jera burodin yaran a faranti, manya da ƙanana, babu biyu da suka yi kama. Na ciro karkataccen daga jakata, na ajiye shi a ƙaramin faranti a gaban wata kujera da ba kowa, na zuba kofi biyu, nawa da na Verna. A bakin matakala takalman yara ne a jere, taɓo yana bushewa a jikinsu.