Yoyon Tankar Alhaji Kassimu

Shekarar da ruwa ya yi wa mutanen garin Isa yanga, mutum ɗaya ne a unguwarsu Wada yake da kore a tsakar gida, shi ma ba ya gari. Alhaji Kassimu ke nan, ɗan kwangila, wanda ya gina katafaren gida a bakin gari, ya koma Abuja ya bar shi da maigadi. A cikin gidan ya sa aka shimfiɗa wata gajeruwar ciyawa, wadda aka ce tun daga Kaduna aka kawo ta a nannaɗe kamar tabarma. Ba a cin ta, ba a ba dabba, ba a ma yarda a taka ta. Aikinta kawai ta sha ruwa, kuma masha Allah ba ta taɓa yin fashi ba.

Kullum da hantsi tanka ke kawo mata ruwa daga burtsatsen Alhaji da ke gonarsa ta bakin gulbi. Tsohuwar tanka ce, gindinta na yoyo, tana tafe tana zana layin danshi a kan hanya. Ta gaban rijiyar unguwa take wucewa, inda mata ke tsaye tun asuba suna jiran laka ta kwanta su ɗebi abin da ya taso. Cikinsu har da Kande, matar Wada, wadda igiyar guga ta riga ta cinye mata tafin hannu.

Shi Wada manomi ne, kuma Allah ya ba shi baki. Gonarsa ta gado tana can cikin daji, inda tun da 'yan bindiga suka mai da wurin nasu, mai hankali ba ya zuwa. Abin da ya rage masa wata 'yar siririyar gona ce a bayan katangar Alhaji, mai gangara daga katangar zuwa ƙasa. Irin da zai shuka kuwa shi ne na ƙarshe a gidan: geron da Kande ta cakuɗa da toka ta toshe a tulu, ta hana kowa taɓawa ko a ranakun da tukunya ta kwana a kife. Gero a ƙasa ko yunwa a ɗaki, bana babu na uku.

A majalisar ƙofar masallaci babu ranar da Wada bai yi wa ciyawar nan wankin babban bargo ba.

"Ku dubi ikon Allah," in ji shi. "Hakin da ko akuya ba ta gani shina wanka kullum da sahe, ni ko ina sayen ruwan alwala. Da na sani da haki anka haihe ni."

Aka yi dariya, sai shi ne bai yi ba. Bai tsaya nan ba, ya kwashi dattawa suka tafi wurin mai unguwa Halliru, ya tsara masa magana tiryan-tiryan, ya ce a gaya wa Alhaji ya ji tsoron Allah. Halliru mutum ne da bai taɓa gaggawa ba sai wurin cin tuwo. Ya gyara rawani, ya ce magana ta yi, amma irin wannan ba a yin ta a waya, sai Alhaji ya zo gida. Kowa ya san fassarar wannan, aka watse aka manta.

Damina ta ƙi sauka. Hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, sai ya rikiɗe iska ya watsa wa mutane ƙasa a ido ya wuce Nijar. Wada ya ga jira ba zai kai shi ba, ya ɗauki sungumi ya yi bizne, wato ya shuka geronsa a busasshiyar ƙasa ya rufe, irin ya kwanta nan yana jiran ruwan fari. Dabara ce ta kaka da kakanni, kuma sharaɗinta ɗaya ne tak: ko ruwa mai yawa ko babu sam. Ƙasa in ta bushe ƙayau, iri zai yi barcinsa lafiya. Amma ɗan danshi ya taɓa shi, zai farka ya tsiro, rana ta gasa shi, shi ke nan an yi asarar iri.

To, a wannan tsakanin ne aka fara shimfiɗa dutse a babbar ƙofar Alhaji, saboda wai ƙasa na ɓata tayar mota. Sai direban tankar, wani mai son barci da ake kira Malami, ya koma shiga ta ƙofar baya. Nan yake tsayawa a saman gonar Wada yana danna oda, har maigadi ya gama abin da yake yi ya zo ya buɗe. Tanka kuwa ba ta san jira ba, tana tsaye tana tsiyaya, ruwa na bin gangara yana shiga kunya-kunya. Wada bai sani ba, don wanda ya yi bizne ba shi da abin dubawa a gona sai an yi ruwa.

Wata safiya ya biyo ta wurin zai je gaisuwar mutuwa, ya ɗaga kai, ya ga gonarsa ta yi kore. Ƙananan ganye sun huda ƙasa, layi-layi, tun daga katanga har kusan ƙarshen gangara. 'Yan kunyoyin can ƙasa ne kawai ruwan bai kai gare su ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce, ya zauna daɓas a bakin hanya.

Wani mai wucewa a kan babur ya rage gudu ya ce, "Kai, Malam Wada, barka! Kai ɗai anka yi ma ruwa bana?" Wada ya bi shi da kallon da ya sa bai jira amsa ba.

Tsoro ya kama shi sosai. Amma manomi ba ya daɗewa a zaune. Ya tona ƙasa da yatsa, ya ji danshi ya shiga ciki, ya ga abin da ke gabansa ƙarara: gero ya riga ya farka, ba ya komawa barci. In tankar nan ta ci gaba da yoyo har damina ta sauka, shi ne zai riga kowa girbi a Isa. In ta daina, ya mutu.

Washegari da hantsi, Malami ya iso ya tarar da Wada tsaye da ƙwaryar fura da goro.

"Sannu da aiki, direba. Wanga zahi, mutum bai tuƙi da ƙishi."

Malami ya dube shi da mamaki, don jiya-jiya wannan bakin ya kira shi mai yi wa haki hidima. Amma fura ba ta da laifi, ya karɓa. Wada ya shiga jan shi da hira: labarin yaƙin Gobirawa, labarin tsadar man fetur, labarin wata mota da ta taɓa faɗawa gulbi tun Malami bai san hagu da dama ba. Maigadi ya buɗe ƙofa ya gaji ya koma inuwa. Wada na magana, kunnensa na kan ɗigar ruwa, bai taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ran da Malami ya ce yana so ya kai tankar wurin mai walda, Wada ya dafa kafaɗarsa ya ce masu waldar yanzu ɓarna suke yi, ya bar ta yadda Allah ya yi ta.

A majalisa kuwa aka ga sauyi. Da wani ya tayar da zancen ciyawar, Wada ya yi gyaran murya ya ce, "To, in an bi ta gaskiya, haki ma halittar Allah na. Shi ma shina tasbihi." Dattawa suka dubi juna. Wani ya tambaya ko ba shi da lafiya.

Kande kaɗai ta san ciwon. Ta dawo daga rijiya da rabin jarka na ruwa ja, ta dire, ta ce, "Malam, wato mu mu sha laka, hatsinka shi sha na burtsatse?"

"Hatsina? Ke ba ki cin tuwo?"

Ta ɗauki jarkarta ta wuce ciki, don geron tulun da ta toshe da hannunta ne ke tsaye a gonar nan yana kaɗa ganye.

Gero ya kai tsawon yatsa, ya wuce, ya fara yin duhu gwanin sha'awa. Sama kuwa ko ɗigo. Aka fita roƙon ruwa, Wada ya fi kowa ɗaga murya. Ruwa bai zo ba, sai Alhaji Kassimu ya zo.

Abin da ba a taɓa gani ba ya faru: mai unguwa Halliru ya tuna da alkawari. Ya tara dattawa a zaurensa, aka aika wa Alhaji, ya zo da farar shadda da ƙamshi. Mata suka taru a waje da jarkokinsu, don labari ya riga ya zaga.

"Malam Wada," in ji Halliru, "kai kak kawo kuka, ga Alhaji. Hwaɗi."

Wada ya gyara zama. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ai wagga magana ta daɗe. Kuma kowa da dukiyatai. In mutum ya ga dama shi shayar da haki, wa za shi hana shi?"

"Kunya ta shika ji!" in ji wani dattijo. "Alhaji, bari in gaya maka abin da bawan Allah ga yac ce."

Suka shiga zuba maganganun Wada ɗaya bayan ɗaya, ba su rage ko wasali ba. Mutanen da ke manta sunan jikokinsu, ranar nan sun haddace har da zancen akuya da ruwan alwala. Wada na zaune yana fatan Alhaji ya fusata, ya buga ƙafa, ya ce dukiyarsa ce. Ai haka masu kuɗi ke yi, kowa ya sani. Amma don rashin sa'a irin ta Wada, sai ya faɗa kan mai kuɗi mai jin magana.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Wallahi ban san abin ya kai haka ba," ya ce. "Baba Wada, Allah shi saka maka. Kowa na ganina shina dariya, kai ɗai kag gaya min gaskiya. Daga gobe tanka ta dinga tsayawa ƙohwar masallaci, kowane gida a ɗiba. Haki shi bushe. Kuma a kai ta ga mai walda yau, ɗigo guda kar shi sake zuba banza."

Zaure ya ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa a waje. Wada ya buɗe baki. Kalma kaɗan ce: Alhaji, gerona na rayuwa da yoyon nan. Amma faɗinta na nufin ya amsa a gaban waɗanda ya jagoranta cewa makonnin nan yana sayen yoyo da fura, yana hana a toshe, matan unguwa na shan laka. Ya hango Kande ta ƙofar zaure, tana riƙe da jarka, tana kallonsa, ba ta guɗa. Kunya ta danne shi, girman kai ya ƙarasa. Ya rufe bakinsa, aka yi ta miƙo masa hannu.

Mai waldar kuwa, duk da abin da Wada ya faɗa a kansa, ya iya aikinsa.

Ruwa ya wadata a unguwa, mai sanyi, fari tas. Har aka riƙa cewa a je a ɗebo ruwan Wada. Shi kuwa mai ruwan yana ɗaukar rabon gidansa a ka, ya kai gona, yana bin gindin gero da moɗa. Jarka biyu a gona guda, ƙasa ta shanye kafin ya miƙe tsaye. Kande ba ta hana shi ba. Rana ta biyu ma ita ta ɗauko ɗayar ta biyo shi, suna zubawa tare. Ganye ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da yamma, daga baya ya daina buɗewa. Ya yi fari, ya kwanta, iska ta share wurin.

Bayan an gama wannan ne damina ta ga dama. Ta sauka da ƙarfinta, kwararo ya cika, yara suka fita tsalle. Duk wanda ya yi bizne ya ga tsiro, wanda bai yi ba ya fita da iri. Wada ya samu 'yan kunyoyin nan na can ƙasa da yoyo bai kai gare su ba, waɗanda in sun yi kyau ƙwarai za su ba da dami ɗaya. Sauran gonar fili ne. Ya zaga neman iri, kowa ya riga ya zuba nasa a ƙasa, sai addu'a da yabo aka ba shi, su kam ya samu da yawa.

Ciyawar Alhaji fa? Wadda ta bushe ta yi ja har maigadi ya yi mata ta'aziyya? Ashe saiwarta na nan da rai. Ruwa biyu ta sha ta miƙe, ta yi kore shar, ta fi da kyau, har ta yi tsawon da ya ɓata mata fasali.

Malami ne ya kawo saƙon, ya sami Wada tsaye a gona.

"Baba, Alhaji ya bugo waya. Yac ce tunda kai kac ce ko akuya ba ta ganin hakin nan, to a buɗe maka ƙohwa, ka yanka ma bisashenka duk ran da kaka so. Yac ce kai ɗai, ban da kowa. Girmamawa ta."

Wada ya dube shi, ya dubi filin gonarsa. Tunkiya ɗaya ce ta rage masa, kuma ita ba ta san fushi ba. Ya je gida ya ɗauko lauje, aka buɗe masa ƙofar baya, ya durƙusa a kan ciyawar da ba a takawa ya yi ta yanka har ya cika buhu.

Da ya shiga gida Kande na tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi buhun a kansa, ta ce, "Malam, mi kas samo?"

Ya sauke shi a gabanta, ya kwance bakin, koren ya zubo ƙasa.

"Amfanin gonar bana," ya ce. "Kira tunkiya."